Rigar Kyanwar Dakta

Duk unguwar Bukit Jalil babu wanda ya san tarihin suturar Sinawa kamar Dakta. Shi da kansa ya faɗa.

Don haka da Sinawan unguwa suka sa gasar adon dabbobi a bikin sabuwar shekararsu, shi ya zana wa kyanwar gidan rigar zamanin daular Han, ya miƙa wa matarsa jan alharini.

"Dama ta hau kan hagu, Hajiya. Shekara dubu biyu haka ake yi."

Ta ɗinka. Da safen gasar, tsohuwar Basiniyar da ke maƙwabtaka da su ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Aiyo, 'yata! Gawa ake rufe wa riga haka. Mai rai, hagu kan dama."

Yanka ba ya komawa, alharini ya ƙare, saura awa biyu. Hajiya ta sake ɗauko almakashi ba da sanin Dakta ba.

Kyanwa ta zo ta ɗaya. Dakta ya ɗaga kofi, ya yi wa alƙalai jawabi kan amfanin zurfin bincike. Hajiya na gefe tana tafi, kai a sama, ta naɗe jan mayafin da mahaifiyarta ta bar mata yadda ba mai ganin inda almakashi ya ci.