Biskit a Tsallaken Kogi

Har yanzu Noreen Pascoe takan zuba ruwa a kwanon Biskit kowace safiya, duk da karen ya kusa wata guda da ɓacewa. Wata rana ce iska ta taso, Noreen ta fita kwashe shanya ta bar ƙofar shinge a buɗe. Kafin ta juyo babu shi babu alamarsa.

Ƙanwarta Glenys ta yi ta fama da ita a waya: ta liƙa hotonsa a turakun lantarki, ta kira gidan da ake ajiye ɓatattun dabbobi, ta tambayi likitocin dabbobi na unguwa. Noreen ta ce duk wahalar banza ce. Glenys ta ce abin ya ɗaure mata kai. Matar da ko ciwo karen ya yi ita ke masa magani da hannunta, ba ta yarda likita ya taɓa shi, yau ya ɓata ta naɗe hannu.

Ranar wata Lahadi cikin watan Mayu ta sa rigar sanyi, ta hau tarago, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ta tsallaka kogin Yarra zuwa wani lambun shaƙatawa da ta yi shekaru ba ta taka ba. A wannan ƙasa ta kudancin duniya, lokacin kaka ta yi nisa. Ganyaye sun yi ja sun zube, suna ƙara a ƙarƙashin takalminta. Duk inda ta waiga mutum ne da karensa, wannan na jifa da ƙwallo, waccan na goge wa nata ƙafa. Ta ji haushinsu su duka.

Kusa da tafkin agwagi ta hango shi. Jan kare mai farin kunne ɗaya, kwance a gaban wani benci, ya ɗora haɓarsa kan takalmin wani dattijo mai hular ulu. Dattijon na ɓallo ɓawon burodi yana miƙa masa.

Ɓawon burodi! Ita da ke dafa masa kaza, ta saya masa rigar ruwan sama, ta bar masa rabin gadonta. Amma bai taɓa ɗora kai a ƙafarta haka ba. A gidanta kullum bakin ƙofa yake kwanciya, hancinsa a 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofar.

Ta laɓe bayan wata bishiya ta kira a hankali, "Biskit." Farin kunnen ya motsa, shi ke nan. Dattijon ya ce, "Kanelo, tashi," sai ga karen ya zabura yana tsalle kamar ɗan kwikwiyo. Har da sabon suna.

Ta ƙarasa ta zauna a ƙarshen bencin. Biskit ya matso, ya shinshina hannunta, ya lasa, ya kaɗa jela sau biyu, sannan ya koma gindin dattijon ya kwanta.

"Ikon Allah," in ji dattijon. "Baiwar Allah, kina da sa'a. Wannan ɗan rainin wayon ko jikokina ba ya yi wa haka."

Ya ce sunansa Manoli, tsohon mai gyaran takalma ne, gidansa na bayan lambun. Noreen ta daure ta tambaye shi inda ya samo karen. Ya yi dariya ya ce labarin dogo ne, ba ya faɗuwa sai da kofi. Ya nuna motar mai sayar da kofi a can gefen tafki.

"Riƙe min shi, don Allah. Ba na ɗaure shi a jikin ƙarfe in tafi."

Ya danƙa mata igiyar, ya tafi yana ɗingishi.

Ƙofar lambun ba ta da nisa. Ta ji ƙararrawar tarago na tahowa. Ta miƙe, ta naɗe igiyar a hannu, ta ja. Karen ya kafe ƙafafu a cikin ganyaye, idonsa na kan bayan Manoli, ya fara wani siririn kuka. Ta sake ja da ƙarfi, har kwalar wuyansa ta shaƙe shi ya yi tari. Ta raɗa masa sunansa, ta roƙe shi, ta tuna masa kaza. Ko kallonta bai yi ba.

Taragon ya zo ya wuce. Noreen ta koma ta zauna, hannunta ya yi ja inda igiyar ta matse.

Manoli ya dawo da kofi biyu, ya miƙa mata ɗaya. Ya ce marigayiya matarsa ce ta raini Kanelo tun bai buɗe ido ba, shi kaɗai ta bar masa. Shekara uku da suka wuce ya ɗaure shi a ƙofar wani kantin magani ya shiga karɓar ƙwayoyinsa, ya fito ya tarar da wayam. Babu inda bai nema ba, har ya haƙura. Sai watan jiya ya ji ana karce masa ƙofa.

"Ya dawo min da ƙiba kamar ɗan rago," ya ce yana shafa kan karen. "Ko ma wane ne ya ɗauke shi, ya ciyar da shi dai. Na yafe masa rabi."

Noreen ta ƙura wa kofinta ido. Ta tuna kantin, mai koriyar ƙofa. Ta tuna ƙullin igiyar ma, don sai da ta sa haƙori kafin ya kwance.