Sa Hannu Ɗaya Ya Rage

"Farfesa ya tafi taro. Ka dawo Litinin."

Sakatariyar ko ɗago kai ba ta yi ba. Sati na uku ke nan ina zaman bencin nan, da kundin digirina na uku a kan cinya. Sa hannu ɗaya ya rage. Juma'ar nan za a rufe karɓar sunayen masu kare kundi, wanda bai shiga ba kuma sai baɗi. Na faɗa mata haka tun satin farko. Yanzu na daina.

Har da biro nake zuwa, don kada a ce babu.

Na yi godiya na sauko. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Na bi ta gaban masu fotokofi, na wuce laburare, na hau benen sashenmu.

Tana nan a benci, inda na bar ta da safe. Ijeoma, ɗalibar digiri na biyu, wadda kullum take rufe shagonta a Bolari ta hawo Keke Napep ta zo. Tana ganina ta miƙe, ta buɗe kundinta daidai shafin.

"Malam Sa'idu, don Allah. Sa hannunka kawai ya rage. Juma'a za su rufe."

Na zaro makulli na buɗe ofishina.

"Ki dawo Litinin," na ce.

Na rufe ƙofa na zauna. Biron yana aljihuna.