Makullin Motar Jam'iyya

Har yau in na ji ƙamshin sabuwar fata, motar nan nake tunawa. Jam'iyya ce ta ba Baba ita da ya ci kujerar majalisa, ana tsakiyar murnar samun 'yancin kai. Baba lauya ne, kuma a lokacin yana kare wasu masuntan Argungu da wani jigon jam'iyyar ya hana su kamun kifi a ruwan da suka gada.

Wata rana, bayan la'asar, motar tana ƙofar gidanmu a Birnin Kebbi, ina kwance a kujerar baya ina shaƙar ƙamshinta, sai ga sakataren jam'iyya. Ko tabarma bai hau ba.

Ya ce, "Lauya, manya sun ce ka saki shari'ar ga. Ka dai san wa ya aza ka bisa kujera."

Baba ya buɗe ƙofar motar ya ce, "Hito, ɗiyata."

Na ƙi. Na ƙanƙame kujera ina kuka. Ya ɗauko ni ya saɓa a kafaɗa, sannan ya miƙa wa mutumin makulli.

"Mota taku ta, kujera ma taku ta. Bakin ga kuwa nawa na, kuma gobe shina kotu."

Kwana uku ban yi masa magana ba. A zaɓe na gaba jam'iyya ta ba wani kujerar, kuma har yau akwai masu cewa Baba ya yi wauta. Ni ce na yi kukan motar nan, ba su ba. Wanda zai faɗi haka, kada ya faɗa a gabana.