Ranar da Rakoda Ta Zo Kasuwar Gaya

Ranar kasuwar Gaya, wani malami mai rubuta wa mutane wasiƙa ya shimfiɗa tabarma ya jera alƙaluma, amma har rana ta take ba wanda ya tsuguna gabansa. Layin ya koma rumfar wani mai gyaran rediyo da ya kawo rakoda daga Kano. Ka yi magana, kaset ya ɗauka, direba ya kai Ikko.

Ransa ya ɓaci. Tun kafin yaƙin basasa yake rubuta wa mutane wasiƙa, da boko da ajami. Da ƙafarsa ya taka Kademi da Balan har Gafasa, gida-gida, yana neman masu aike. Yau a ce akwatin batir ya ƙwace masa jama'a!

Sai ya hango wata tsohuwa 'yar Ajingi a layin, wadda ya saba rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta mai dako a Ikko. Ya miƙe a fusace.

"Haba Iya! Har da ke? Wace wasiƙa na taɓa ɓata miki?"

"Ko ɗaya, Malam. Kyansu ne ya yi yawa."

"To me ƙarfen nan zai faɗa da alƙalamina ya kasa?"

Ta gyara mayafinta. "Nakan ce ka rubuta masa ya manta da uwarsa, ba na barci. Sai ka karanta mini 'gaisuwa mai yawa da fatan alheri,' in ji kunyar hana ka. Shekara da shekaru yaron nan yana zaton lafiya lau nake. Yau dai zai ji kukana da kunnensa."

Layi ya matsa, ita ma ta matsa.