Wadda Aka Soke da Jan Biro

Ta tsugunna a bayan na'urar ta kama wayar wuta, manyan kamfani suna tsaye a ƙofar ɗakin mai sanyi suna kallonta.

"Injiniya, kada ki kuskura," in ji Oga.

Wata uku ke nan da ta kai masa zanen tsarin da zai riƙa kula da kwamfutocin asibitoci arba'in ta intanet. Ta zana uwar garke biyu, wato manyan kwamfutocin da za su riƙe tsarin, a gini daban-daban, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Ya zaro jan biro ya soke ta biyun. "Tsoro ya yi miki yawa," ya ce. "Ɗaya ta isa." Yau kuma, ana jibi za a ɗora asibitocin, ya bugi ƙirji a gaban manya cewa tsarinsa ba ya mutuwa.

"Ranka ya daɗe, ai gani ya kori ji," ta ce, ta fizge wayar.

Fankokin na'urar suka yi tsit. A allon bango, fitilun gwaji arba'in suka ƙifta sau ɗaya, suka ci gaba da haskawa kore shar.

Oga ya share gumi ya ƙyalƙyale da dariya. "Kun gani? Ba na faɗa muku ba?"

Ta miƙe, ta kaɗe gwiwarta, ta danƙa masa wayar a hannu.

"Riƙe, ranka ya daɗe, taka uwar garken ta mutu tun ɗazu. Wadda ke numfashi tana ginin baya, da tsoffin na'urorin sito na haɗa ta. Ita ce wadda ka soke."