Tartsatsi a Daron Wanki

Hannuwana na cikin daro ina wanke kafiretar mota a gareji, sai tartsatsin mai walda ya faɗo ciki tsulum.

Na runtse ido ina kalmar shahada, ina jiran wuta ta lashe ni. Ni Mijinyawa, shekara arba'in ina wankin kayan mota da fetur a Boɗinga! Ko jiya sai da na ƙi kalanzirin da ɗana Zayyanu ya kawo daga Shagari.

Wuta ba ta tashi ba. Na buɗe ido, na daki ƙirji.

"Kun gani? Wuta ma tsorona take!"

Zayyanu ya ce, "Baba, kalanzir ne. Na musanya jarkokin da safe. Hancinka ya daɗe da mutuwa."

Na nemi wuri na zauna.