Jadawalin Zaituna

Kitse na gangarowa daga gemunsa zuwa wuyan riga, shi ko a jikinsa. Inna Rabi'atu ta hango shi daga rumfarta ta daddawa da kuka a bakin kasuwar hatsi ta Funtua, ta ja tsaki, ta tofar da yawu.

Ƙaton mutum, dillalin masara, duk kasuwa Alhaji ake ce masa, amma ga shi ya raɓe bayan buhuna kamar gafiya yana cusa balangu, hannu baka hannu ƙwarya. Shi ne fa wanda likita ya gaya wa a gaban matarsa cewa in sikarinsa bai sauka ba, ƙafar dama sai an yanke ta. Babban yatsa ma ya fara baƙi.

Matar tasa, Zaituna, malamar makaranta ce, ba ta da aibi sai yawan yarda. Tun dawowarsu daga asibiti ta buɗe masa jadawali a kwamfutarta, gida-gida kamar na dara: nan abin da ya ci, nan tafiyar da ya yi, nan awon sikari. Ta saya masa agogon hannu mai ƙirga taku. Ran da ya cika ƙa'ida gidan ya yi kore, ran da ya gaza ya yi ja. Tuwon alkama da ƙaramin ludayi take auna masa, miyar zogale ba mai ba magi. Ya lashe kwano, ya sa mata albarka, ya fito kasuwa ya ci amanarta.

Kullum da safe sai ya biyo ta rumfar Inna, ya durƙusa da ƙyar yana haki, ya gaishe ta. Ita kuwa ta kau da kai, ta amsa wa tallenta na daddawa. Ko kallo bai ishe ta ba.

Amma idon da ba ya kallo ya fi kowa gani. Ta ga lokacin da yake kwance agogon ya ɗaura wa Mati ɗan dako, wanda ke wuni yana safa da marwa tsakanin manyan motoci da rumbuna. Mati na zufa, Alhaji na gyangyaɗi a kan benci da kwalbar lemo a gindinsa. In la'asar ta yi ya karɓi abinsa ya hau mashin ya tafi gida.

Ran Juma'a Zaituna ta zo gaishe ta, har da kwamfutar a jaka.

"Inna, kin gani? Abinci kore, tafiya kore. Sikarin ne kawai ya ƙi barin ja. Ina jin na'urar awon ce ta lalace."

Inna ta dubi layin jan nan da ya sauko tun daga sama har ƙasa kamar jinin yanka. Zancen wannan mutumin ba na bakinta ba ne, bai taɓa zama ba.

"Akwatinki abin da aka ba shi yake ci, 'yar nan," ta ce. "Sha ruwa."

Zaituna ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi.

Inna ta bi ta bayan fage. Ta tare Mati ta ce masa ɗan asara, ya ce shi dai an ba shi agogo ya ɗaura, kuma yana masa kyau. Ta je wa mai balangu, ya ce shi bai taɓa korar mai saye ba. Ta dawo rumfa tana tsine musu ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu ba ta iya cin tuwo ba.

Ran kasuwa da Alhaji ya durƙusa gaishe ta, wari ya riga muryarsa isowa. Ba irin na daddawa ba ne, wannan ta san shi sama da shekara talatin. Warin ruɓaɓɓen nama ne. Ta saci kallon ƙasa: safar ƙafar dama ta jiƙe ta manne, ƙudaje biyu na zaune a kai abinsu. Ya miƙe yana ɗingishi, bai zarce ko'ina ba sai wajen mai balangu.

Ta ga an naɗe masa tsoka da kitse a takarda, an barbaɗa yaji. Ta ga ya buɗe lemo da haƙori. Ta ga ya zaɓi yanka mafi maiƙo ya ɗaga.

Ba ta san lokacin da ta tsallaka titi ba, ko takalmi babu. Ta fizge agogon daga hannun Mati, ta ratsa dillalai, ta doke takardar naman ta watse a ƙasa.

"Aƙilu!"

Ya daskare da baki buɗe.

"Aƙilu, da kai nake! Ƙazamin banza, kana ruɓewa a tsaye kana yi wa yarinyar mutane ƙarya? Tashi mu je asibiti yanzun nan, in sun yanke ta a gabana za su yanke. Kuma da bakinka za ka gaya wa Zaituna ƙafar wa take ta shafa wa kore!"

Ƙaton nan ya miƙe, hawaye na bin sawun kitse a gemunsa, ya bi bayanta kamar rago. Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin dillalai sai salati suke, domin tun ran da ta haife shi, ɗan farinta, kunya ba ta taɓa barin sunan nan ya fito daga bakinta ba sai yau.